Iskar da Ta Shiga Injin Baba

Wata Asabar ce a bazarar 1976, hantsi ya ɗaga, na iso bakin kwalbatin da ke bayan tashar Kawo a Kaduna da kwanon abincin Baba a ka, na tarar injinsa na wanke mota yana tari. Kafin ran nan ban san inji yana tari ba. Baba yana tsaye cikin dogon takalmin roba, ya naɗe hannun riga, ya riƙe bindigar ruwa da hannu biyu a gefen wata motar katako da ta sauke shanu, jikinta duk busasshen kashi. Ruwan da ya saba fita da ƙarfin da in an matsa kusa yakan ɗaye fenti, sai ga shi yana fita yana ɗaukewa, yana fita yana ɗaukewa, tiyo yana zillo a ƙasa kamar an taka wutsiyar maciji. Can ya tofo wani farin kumfa, daga nan ya koma tsiyaya irin ta bakin buta. Direban ya jira har sabulu ya bushe a ƙofar motarsa, sannan ya yafito yaransa suka hau, ya ja ta ya tafi, gefe ɗaya wankakke, gefe ɗaya yadda ya zo. Bai yi faɗa ba, kuma ina jin da ya yi faɗan da ya fi wa Baba sauƙi. Na ajiye kwanon a gindin dalbejiya na koma gida. Da na dawo ɗauka bayan la'asar, yadda na ɗaure shi da ƙyalle haka na same shi.

Baba ba a wankin mota ya tashi ba. Akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, kuma a gidajen ma'aikata na Unguwar Rimi na buɗe ido, gida mai famfo a tsakar gida, da bishiyar gwaba, da shingen da ake askewa daidai wa daida. Kullum da safe yakan fita da farar riga mai guga da biro a aljihu, ya maƙale bakin wandonsa kada sarƙar keke ta ci shi. A ƙarshen shekarar da ta gabata aka yi ta sallamar ma'aikata, wasu da laifi, wasu kuwa Allah kaɗai ya sani, abin ya biyo ta kansa. Ba a gaya mana dalili ba, shi ma har ya bar duniya bai taɓa tayar da zancen ba. Muka kwashe kaya a a-kori-kura muka koma ɗaki biyu a wani gidan haya a Kawo, inda ake layin banɗaki da safe, ana jin Nufanci a wannan ɗaki, Yarabanci a wancan, murhu kusa da murhu. Ya ɗauki lokaci yana fita da safe kamar mai zuwa ofis, ashe tasha yake zuwa ya zauna a benci yana kallon samari suna wanke manyan motoci da bokiti da tsumma, mota ɗaya ta cinye musu wuni. Abin da aka sallame shi da shi ya tattara, ya sayi tsohon injin wani kamfanin gina hanya da ya gama aiki yana kwashe komatsansa. Abokan aikinsa na da suka ce zafin kora ne ya taɓa masa kai.

Injin kashi biyu ne a kan gadon ƙarfe ɗaya. Akwai na gas, wanda ake murɗawa da hannu har ya kama, sai famfon, wanda bel ke juyawa. Baba ya sa an haƙa rami an shafe shi da siminti, 'yan ga-ruwa suna cika shi. Wani baƙin tiyo mai kaurin dantse ya sauka cikin ramin da rariya a bakinsa, shi ke tsotso ruwan, ta ɗaya gefen kuma siririn jan tiyo ya fita zuwa bindiga. Da tsarin ofis Baba ya riƙe kayan nan. Kafin ya karɓi mota ko ɗaya sai ya leƙa ɗan gilashin da ake ganin man famfo, in ya ga ya fara fari kamar an zuba masa nono, ya san ruwa ya ratsa fatun da ke tare shi a ciki, ran nan ba aiki sai an canza. Ya danna bel da babban yatsa ya ji ko ya saki. Ya ciro rariya ya wanke ta da tsohon burushi, ya zura siririyar wayar burkin keke a hancin bindiga ya fitar da ɗan yashin da bai kai ƙwayar gero ba amma ya isa ya karkatar da ruwa. Ba ya yarda a tayar da inji famfo a bushe, ba ya yarda a bar shi yana gudu bindiga a rufe, don ruwan zai yi ta zagaye a ciki har ya yi zafi ya dafa fatun. "Abu biyu famfo ba ya yafewa," in ji shi, "ƙishirwa da yashi." Samarin da ya ɗauka suna goge motoci sun haddace maganar nan har suna kwaikwayonsa in ya ba da baya. A watannin farko sana'ar ta karɓe shi, direbobi suna layi, mu ma a gida nama ya dawo miya.

Ni dai Kawo ta yi mini. A Unguwar Rimi yara a bayan shinge suke, sai an aiki mutum yake ganin titi, a nan kuwa da na leƙo zaure na sami abokan wasa. Da safe in yi shara, in yi wanke-wanke, in kai bokiti layin famfon unguwa in bar ƙanena yana gadi, sannan in saɓa jakar buhu da Inna ta ɗinka mini in kama hanyar makaranta da tsintsiyata, don wadda ta zo ba tsintsiya ita ke kwashe shara da hannu. Ina aji biyar. Malamarmu takan tsayar da ni in karanta wa aji labari, kuma ni ke riƙe da makullin akwatin littattafai, wanda na rataya a wuya da zare ina taƙama da shi fiye da 'yan kunnena. In an tashi, in kai niƙa, in wuce makarantar allo, sai yamma ta yi mu zana 'yar gala-gala da gawayi a ƙofar gida, ko mu zube da carafke har a kira magariba Inna ta leƙo da muciya a hannu. Ƙauyenmu kuwa, can gabas da Zariya, muna zuwa hutu, ina son rakensa da gyaɗarsa, amma babu makarantar boko a cikinsa. Wadda ta fi kusa tana ƙetaren rafi, kuma maza kaɗai ake turawa. Babu wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani, na dai san in muka koma can, aji biyar shi ne ajina na ƙarshe.

Mai son mu koma ɗin tana tare da mu a gidan. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo tun da labarin sallamar ya kai mata, da ƙullin kayanta da mazarinta na kaɗi, ta ce ba za ta tafi ba sai da mu. A ganinta an gwada birni an gani, ga gonar mijinta tana neman hannu, ga ɗakuna sun zama na kaji, ita kuma tsufa ya kama ta ba kowa a gabanta. Sai dai ba ta taɓa faɗa wa Baba haka baki da baki ba. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya durƙusa gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ni aka sa wa sunanta, ita tana ce mini Takwara, shi kuma yana ce mini Uwata, don haka duk maganar da za ta bi tsakaninsu ta kaina take bi, ko da kuwa tabarma ɗaya ce tsakaninsu. "Takwara, ki gaya wa ubanki akawu ba ya wanke kashin shanu alhali yana da gona." Sai in juya in maimaita, ko da yake ya riga ya ji. Shi kuma ya ce, "Uwata, ki ce wa Iya na ji." Ranar da injin ya yi tarin nan, da yamma, amsarsa ta sauya. Ya ce, "Uwata, ki ce wa Iya, in ruwan shuka ya sauka injin nan bai tashi ba, za mu bi ta." Da bakina na isar da saƙon.

Daga nan aka shiga gyara. Baba ya ɗauko Ɗanjuma, wani bakanike mai gareji a bayan tasha, gajere mai yawan dariya, wanda ya taɓa aiki da masu gina hanya ya san irin famfon. Suka shimfiɗa buhu suka kwance kan famfon, suka jera ƙananan ƙarafuna a faifai don kada ɗaya ya ɓace a ƙasa. Da farko Ɗanjuma ya ce fatun ne suka cinye, aka kai wa baduku tsofaffin ya yanko sababbi, aka jiƙa su a mai aka saka. Injin ya yi ruwa mai kyau na ɗan lokaci, har Baba ya fara murmushi, sai tarin ya dawo. Aka ce bawul ne ba sa zama daidai, aka goge su a kan gilashi da toka mai laushi har suna ƙyalli. Aka ƙara ɗaure bel, aka sake rariya, aka kwashe ruwan ramin kaf aka wanke shi aka zuba sabo. Kowane gyara sai ya ba su ɗan abin da zai sa su yi tsammani, sannan jan tiyon ya koma zillonsa. Direbobi suka koma wurin masu bokiti, samarin Baba suka bi su, tunda su ma ciki gare su. Kwanon da nake kaiwa yakan dawo an ɗan taɓa gefe, wani lokaci ma Ɗanjuma ne ya taɓa.

Zafi kuwa ya kai inda ya kai. Mutane suna kwana a tsakar gida, kowa bakinsa Allah ya kawo ruwa. Da yamma hadari yakan taso ta gabas ya yi baƙi, a kwashe shanya a guje, sai ya watse. Duk Kaduna ina jin ni kaɗai ce ba na son ruwa a shekarar nan. In malaminmu na allo ya yi addu'ar damina mai albarka, yara suka ɗauki amin, sai in sunkuyar da kai in yi kamar ina gyara allona. Tsoro nake ji, irin wanda ke sa a farka da safe a fara duban sama kafin a wanke ido. Kaka kuwa ta fara haɗa kayanta a hankali, ta aika aka sayo mata gishiri da kanwa na tafiya, har ta fara tambayar Inna wace tukunya za a ɗauka wace za a bar wa maƙwabta.

Wata rana na kai abinci na tarar Ɗanjuma ya jefar da sifana ya zauna a ƙasa, dariyar nan tasa babu ita. Ya nuna kumfan da bindiga ke tofarwa ya ce, "Malam, wannan ba fata ba ce, ba bawul ba ne. Iska ce. Iska ke shiga famfon nan, amma wallahi na rasa ta inda take shiga." Suka bi baƙin tiyon da ido da hannu tun daga rariya har wuyan famfo, ba ɗigo ko ɗaya, ba jiƙa, suka ƙara matse abin da ke ɗaure da shi, ba ta sauya zane ba. Na ɗauki kwanon jiya na koma gida. Kaka tana da al'ada, kullum na dawo sai ta ce, "Takwara, yaya mai jikin?" tana nufin injin, da 'yar zolaya a ciki. Ran nan na ce mata, "Ɗanjuma ya ce iska ce ta shige shi." Sai ta tsayar da mazarinta.

Shi Ɗanjuma iskar da ake hura wa taya yake nufi. Kaka kuwa iska ɗaya ta sani mai shiga jiki ta sa tari da zabura da kumfar baki, ta ƙi jin magani, kuma duk alamun da na sha kawo mata sun zauna daram. Ta shiga yi mini tambayoyi irin na mai duba marar lafiya. A ina aka girke shi? Na ce bakin kwalbati. Ta ce to. Da aka haƙa ramin an yi sallama? Na ce ban sani ba. Ruwan zafin da ake juyewa daga cikin inji fa, a ina ake zubarwa, kuma ana bisimilla? Na ce a ƙasa, samari ne ke watsarwa. Ta riƙe haɓa ta ce ai dole, an je gidan mutane an zauna ba gaisuwa, ana kuma ƙona musu 'ya'ya. Inna tana tankaɗe a gefe, ta buɗe baki za ta yi bayani, ta tuna da surukarta take magana, sai ta mayar da dariyarta cikin gefen zane. Kaka ta jawo ƙullin da ta riga ta ɗaure na tafiya, ta kwance, ta fito da wani ƙaramin ƙulli na ɓawon hano da ɓawon tafarnuwa, wanda ba ta rabuwa da shi duk inda za ta.

Washegari da hantsi ta yafa baƙin mayafinta ta ɗauki sanda, ta ce in zuba garwashi a kasko in biyo ta. Tunda ta zo Kaduna ba ta taɓa taka ƙofar gida ba sai ran nan. Muka ratsa ta gefen tasha, 'yan kamasho suna kiran Zariya da Kano, masu rake da masu ƙosai suna bin mu da kallo, tsohuwa a gaba, yarinya a baya da wuta a kan faifai. A hanya abin ya ci ni, na kasa haɗiyewa. Na ce, "Kaka, ai in ya warke ba za mu bi ki ba." Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Na sani, Takwara. In zai koma gida, ya koma da ƙafarsa, ba wai iska ta koro shi ba. An kore shi sau ɗaya, ya isa." Haka muka iso kwalbatin.

Ban taɓa ganin Baba ya rasa inda zai sa kansa ba kamar lokacin da ya ɗago ya ga mahaifiyarsa a wurin aikinsa, shi cikin takalmin roba, hannu duk baƙin mai. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa dalbejiya. Sannan ta ce, "Takwara, ki ce a tayar da shi. Ba a yi wa mai barci hayaƙi." Baba mutum ne da ba ya son zancen iskoki ko kaɗan, ko laya bai taɓa bari an rataya mana ba. Ya ce, "Uwata, ki ce wa Iya..." sai ya tsaya, ya dubi mutanen da suka fara taruwa, ya dubi tsohuwar da ta tako da sanda, ya ƙarasa da cewa, "Ki dai yi nesa da tankin mai." Ɗanjuma ya juya baya yana murɗa hannun inji, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Injin ya kama, famfo ya ɗauka, tarin ya fara.

Kaka ta zuba ɓawon a kan garwashi tana karanta abin da ta sani na tsari, ta ce in zagaya da kaskon a hankali, ƙasa-ƙasa, kada in bar lungu. Ranar ko ganye ba ya motsi, hayaƙin yana tashi sak kamar an ja zare. Na bi ta kan famfon, ba abin da ya faru sai idona da ya cika da hawaye. Na bi ta wajen bel, juyawarsa ta watsa hayaƙin. Ta ƙara ɓawo, ta nuna mini baƙin tiyon da sanda, na bi shi a durƙushe har inda ya lanƙwasa a kan leɓen siminti zai gangara cikin ramin. A nan hayaƙin ya ƙi tashi. Wani siririn sashe nasa ya karkato, ya kwanta, ya shige ƙarƙashin tiyon ya ɓace, kuma duk sanda famfon ya ja sai ya ƙara shigewa. Kaka ce ta fara gani. Ta ce, "Tsaya nan. Ga bakinta. Kun ga tana sha."

Dariyar Ɗanjuma ta ɗauke. Ya kwanta rub da ciki, ya lasa yatsa ya zura ƙarƙashin tiyon, sai ya yi salati. Wata 'yar tsaga ce kamar yankan reza, a cikin lanƙwasar, ta gefen da ke goga siminti kullum inji na girgiza. In an kashe inji sai ta rufe bakinta, in an ɗaga tiyon a duba ma sai ta ƙara matsewa, kuma ba ta ɗiga, tunda wurin ja yake yi ciki ba turowa waje ba. Shi ya sa ido da hannu suka wuce ta sau ba adadi. Ya yanko robar tayar keke ya naɗe wurin tam. Jan tiyon ya yi zillo ɗaya, biyu, ya tofar da sauran kumfan, sannan ya miƙe ya yi tauri, ruwa ya fito da ƙarfin da sai da ya tura Baba baya. Ya saita bindigar a bangon kwalbati, gansakukar shekaru ta ɗaye ta bar farin siminti. Ɗanjuma ya tashi yana karkaɗe ciki ya ce, "Ai na faɗa, iska ce!" Kaka ta ce, "Ka faɗa, ɗan nan, maganin ne ba ka da shi." Ta zazzage sauran ɓawon da ke ɗan ƙyallenta a kan garwashin, ta ce in ɗauko kasko mu tafi, rana ta yi.

Baba bai taɓa gyara mata fahimta ba, kuma ya hana kowa ya gyara. Da yamma suka yanke wurin tsagar suka haɗa, ya sa guntun tsohuwar taya a leɓen simintin don kada tiyon ya sake gogawa. Ya roƙi kaskon ta bakina, ta bar masa. Tun daga ranar, duk lokacin da famfo ya fara tari, kafin ya taɓa sifana sai ya aika a samo garwashi wurin mai shayi, ya ɗora tsumma ya bi tiyon da hayaƙi. Mutanen tasha suka ɗauka asiri ne, har ana cewa injin Malam ba ya mutuwa don an kafe shi, shi kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba. Direbobi suka dawo, samarin suka dawo suna sosa ƙeya. Ba a jima ba ruwan shuka ya sauka da rana tsaka muna aji, ƙanshin ƙasa ya cika ɗakin, na fita tare da sauran yara na tsaya a cikinsa har makullin wuyana ya yi sanyi.

Kaka ta tafi a makon. Motar da za ta bi ta ƙauyenmu ta katako ce, Baba ya sa direban ya kawo ta kwalbati tun da safe, ya wanke ta da kansa ciki da waje, har ƙarƙashin kujerar gaba inda ya nema mata wuri. Ya ɗora mata gishirinta da kanwarta da turmin atamfa. Tukwanen da ta zaɓa za a tafi da su suna nan a murhun Inna. Da ta zauna, shi yana tsaye a jikin ƙofar, ni ina tsakaninsu, ta dubi gilashin gaba ta ce, "Takwara, ki gaya wa ubanki ya riƙa cin abincin da ake kai masa." Ya ce, "Uwata, ki ce wa Iya Allah ya kiyaye hanya." Na maimaita wa kowa nasa. Motar ta tashi tana ɗigar da ruwa har ta hau titin Zariya. Ni murna nake yi ran nan, ba zan ɓoye ba, a guje na koma gida don in shirya jakar makaranta. 'Ya'yan ƙaninta ne suka riƙa noma mata gonar, muna zuwa mata hutu, amma ba ta sake zuwa Kaduna ba har ta rasu.

Na gama firamare, na wuce kwalejin horon malamai, na koyar har na yi ritaya, duk a kan ruwan famfon nan. Yanzu in na bi ta Kawo ba na gane inda kwalbatin yake, shaguna sun hau kansa, gada ta bi ta sama. Wurin wankin mota kuwa kowane lungu akwai, da 'yan ƙananan injuna masu ƙara kamar niƙa, tankin ruwa a sama, in ɗaya ya lalace a jefar a sayo wani. Ɗana na fari da sunansa nake kiransa, a waya ma, muna gardama kamar sa'o'i, kuma ban ce hakan laifi ba ne, sai dai wani lokaci nakan ji kewar zamanin da magana takan bi ta hannun yarinya kafin ta isa, ta iso a sanyaye. Kwanan baya na kai motata wanki, injin yaron ya fara tari, ya buga shi da ƙafa ya ce, "Hajiya, yi haƙuri, iska ce." Sai na ji ƙanshin hano a hancina, na tuna yadda Kaka ta zazzage ƙyallen nan a kan garwashi. Ta san in hayaƙin ya yi aiki ita kaɗai za ta hau motar, kuma ba ta rage ko ɓawo ɗaya ba.